Yadda ake gano ma'ana, asali da amfanin sifar Turanci: mu gwada da kalmar "cheap"

Ɗalibai da masu tallata kaya da Turanci a WhatsApp da Facebook sun sha yi mini tambaya iri guda. Mutum ya duba kalma a ƙamus, ya ga ma'anarta da Hausa, ya saka ta a jimla, sai aka yi masa dariya ko aka ɓata rai, shi kuma bai san laifinsa ba. In ka bincika, galibi kalmar sifa ce. Suna ba ya cika ba da wahala, tebur dai tebur ne. Sifa kuwa takan sauya launi gwargwadon sunan da ta raɓa, shi ya sa fassara guda ba ta riƙe ta. Ga matakan da nake bi, kuma zan gwada su a kan "cheap", domin kusan kowa ya ɗauka ya gama saninta: araha, shi ke nan.

1. Tanadi kayan aiki

Abu uku kake buƙata, na huɗun littafin rubutu ne da biro.

Na farko ƙamus na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi domin masu koyo. Oxford Advanced Learner's Dictionary, da Cambridge Dictionary, da Longman Dictionary of Contemporary English duk suna da shafi a intanet da ake shiga kyauta, kuɗin data kawai za ka kashe, kuma ba ya cin data sosai tunda rubutu ne. Merriam-Webster na Amurka ne, yana da amfani in kana son ganin yadda Amurkawa ke amfani da kalma. Manhajojin waya na wasu daga cikinsu sai an biya, don haka ka shiga shafin kai tsaye kafin ka sa kuɗinka. In bugaggen littafi za ka saya, ka buɗe tsakiyarsa a gaban mai shago ka duba ko rubutun ya fito raɗau kuma shafukan sun cika, domin jabun bugu ya yi yawa a kasuwa, kuma ƙananan alamomin furuci su ne ke fara dusashewa a cikinsa.

Na biyu ƙamus na asalin kalmomi. Online Etymology Dictionary, wanda aka fi sani da Etymonline, kyauta ne kuma ya isa. Babban Oxford English Dictionary ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, amma cikakken bayaninsa sai da kuɗin rajista ko ta ɗakin karatu na jami'a, kuma ba ka buƙatarsa a wannan aiki.

Na uku ƙamus na Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990.

Gargaɗi: kada ka fara da na ukun, kada kuma ka fara da manhajar fassara. Manhaja za ta miƙo maka "mai araha" ta yi shiru, kai kuma ka rufe waya kana ganin ka gama. Ƙamus na Hausa a ƙarshe ake zuwa masa, bayan ka san ma'anar da kake nema.

2. Saurari furucin kafin ka karanta ma'ana

A shafin Cambridge ko Oxford akwai 'yar alamar lasifika guda biyu, ɗaya furucin Ingila, ɗaya na Amurka. Danna ka saurara, ka maimaita da ƙarfi.

Farkon "cheap" ba ya ba Bahaushe wahala, sautin "c" ne na "cinya" da "ciyawa". Haruffan "ea" dogon wasali ne, kamar na farkon "kifi". In ka gajarta shi kamar na farkon "ciki", ka koma wata kalma, "chip". Inda ake faɗuwa shi ne ƙarshe. Hausa ba ta raba "p" da "f" a matsayin sautuka biyu, don haka bakinmu yakan zame ya ce "chief", wato sarki ko shugaba. Mai shago ya nuna takalmi yana nufin yana da araha, baƙon da ke gabansa ya ji ana naɗa wa takalmi sarauta.

Maganinsa madubi. Ka furta kana kallon bakinka. In leɓɓanka biyu sun haɗu sun rufe ruf a ƙarshe, "cheap" ka ce. In haƙoranka na sama sun taɓa leɓen ƙasa iska tana fita, "chief" ka ce. A rubutu kuma ka kula da "cheep", furucinsu ɗaya amma ita kukan 'yan tsaki take nufi, kuma na'urar gyara rubutu ba za ta ja mata jan layi ba tunda kalma ce sahihiya.

3. Tabbatar da ajin kalmar da mazauninta

Kusa da kalmar za ka ga an rubuta "adjective" ko "adj.", ma'ana sifa. Wannan ɗan rubutu yana gaya maka wurare biyu da za ta iya zama: gaban suna, "a cheap phone", ko bayan aikatau irin su "is", "looks", "seems", kamar "the phone is cheap".

Gargaɗi: a Hausa "araha" suna ne, shi ya sa muke cewa waya tana da araha. In ka ɗauko wannan ginin ka kai Turanci za ka rubuta "the phone has cheap", kuskure ne. Haka kuma sifar Turanci ba ta sauyawa saboda jinsi ko jam'i. Mu muna cewa farin gida, farar mota, fararen motoci. Su kuwa "cheap phone", "cheap phones", sifar tana nan yadda take, ba a ƙara mata "s".

In ka gangara ƙasa za ka ga ta sake fitowa a matsayin bayanau, wato "adverb", kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki, kamar a "I got it cheap", na same shi da araha. Wannan na hira ne, kuma kusan a maganar saye da sayarwa kaɗai yake. A rubutun jarrabawa ko wasiƙar ofis "cheaply" ta fi tsira. 'Yan uwanta kuma ka rubuta su a gefe: "cheapness" suna, "cheapen" aikatau mai nufin a rage wa abu daraja.

4. Karanta ma'anonin duka, har ƙasa

A nan aikin yake, kuma a nan mutane ke gajiya. Ƙamus yakan jera ma'anoni da lambobi, mai gaggawa ya karanta ta farko ya tafi. Kai ka karanta duka, ka kuma lura da ƙananan kalmomin da ake sawa a gaban ma'ana. "Disapproving" na nufin kalmar tana ɗauke da suka. "Informal" na nufin ta hira ce. "US" ko "North American English" na nufin a Amurka aka fi amfani da ita haka. Waɗannan alamomi sun fi fassarar kanta amfani.

Ma'anar farko ita ce wadda ka sani, farashi mai sauƙi: "cheap tickets", tikiti mai araha, "tomatoes are cheap now", tumatir ya yi araha yanzu. Ba zagi a ciki. Tana kuma hawa kan wurin da ke sayarwa da sauƙi, kamar "a cheap restaurant".

Ta biyu, mai araha kuma marar inganci. Da zarar kalmar ta hau kan abin ado ko abin da ake taƙama da shi, sai ta karkata nan. "Cheap perfume" ba turare mai sauƙin kuɗi kawai ba ne, turare ne da hanci ke gane bai kai ba. "Cheap jewellery" sarƙa ce da za ta koɗe kafin biki ya watse. In aka ce wa tufafinka "it looks cheap", an raina su ne, ko nawa ka saye su. Bahaushe ma ya san wannan, shi ya ce araha ba ta ado. Bambancin shi ne mu sai mun ƙara wata kalma kafin sukan ya fito, su kuwa kalmar guda ce ke ɗauke da duka biyun, mai sauraro ne zai zaɓa. 'Yan Ingila ma har sun raba su da kansu: "cheap and cheerful" ga abu mai araha da ke biyan buƙata, "cheap and nasty" ga mai araha marar kyau.

Ta uku tana hawa kan magana ko aiki, kuma ba ruwanta da kuɗi. "A cheap joke" barkwanci ne na ƙasƙanci, wanda aka yi da raunin wani. "A cheap trick" dabara ce ta rashin mutunci. "A cheap shot" suka ne da aka kai wa mutum ta inda ba zai iya kare kansa ba, kuma za ka yi ta jin sa a muhawarar 'yan siyasa.

Ta huɗu tana hawa kan mutum, kuma nan ne ya kamata ka taka a hankali. A Amurka in aka ce "he is cheap", marowaci ake nufi, wanda ake ci tare amma lokacin biya sai ya shiga lalube a aljihu. A Ingila "mean" ko "stingy" aka fi cewa ga wannan. Akwai kuma ma'anar marar daraja: "I felt cheap", na ji na wulaƙanta. In kuwa aka faɗa wa mace, cin mutunci ne ƙarara, ana taɓa kamun kanta ne.

Gargaɗi: in kana son ka ce tela ko makanike ba ya tsawwala kuɗin aiki, kada ka ce masa "you are cheap". Ka ce "your prices are reasonable". Yabo ka nufa, kada ya ji zagi.

Akwai ma'ana ta biyar da ba lallai ka gan ta a waɗannan ƙamusoshi ba. Ɗaliban Najeriya sukan fito daga jarrabawa suna cewa "the questions were cheap", wato tambayoyin ba wuya. Tsakaninmu kowa ya gane, kuma ni ban ɗauke shi abin kunya ba, kowace ƙasa tana da nata Turancin. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO daidaitaccen Turanci yake nema, Bature kuma ba zai fahimce ka ba. A rubutu ka sa "easy".

5. Rubuta sunayen da take tafiya da su

Ƙarƙashin kowace ma'ana akwai jimlolin misali. Kada ka tsallake su. Buɗe littafinka, ka ja layi uku a tsaye. A na farko ka rubuta sifar tare da sunan da ta raɓa, a na biyu ma'anar Hausa, a na uku ka sa alama ko yabo ne, ko suka, ko ba ko ɗaya. Yanzu ne lokacin ɗauko ƙamus na Hausa, in kalma ta ɓace maka. Za ka ga layin tsakiya ya cika da kalmomi daban-daban: araha, rashin inganci, ƙasƙanci, rowa, wulaƙanci.

Wasu haɗe-haɗen a dunƙule ake haddace su. "Cheap labour" ma'aikata ne da ake biya kuɗi kaɗan, kuma yawanci da tausayi ko suka ake faɗa. "Dirt cheap" araha ce kamar kyauta. "On the cheap" yin abu da kuɗin da bai kai ba, kamar ginin da aka rage wa siminti. "Talk is cheap", faɗa a baki ba wuya. "It doesn't come cheap" hanya ce ta cewa abu yana da tsada ba tare da an ambaci tsadar ba.

Gargaɗi: kaya ne ke zama "cheap" ko "expensive", farashi kuwa "low" ko "high" yake zama. Za ka ji Turawa da kansu suna cewa "cheap prices" a hira, amma a rubutu mai tsafta "low prices" ake so. Albashi ma "low salary" ne.

6. Leƙa asalinta, amma kada ka zauna a can

Rubuta kalmar a Etymonline. Abin da zai fara rikita ka gajerun kalmomi ne. Ƙaramin "c." a gaban shekara na nufin wajejen. "Old English" shi ne Turancin da aka yi kafin wajejen 1100, "Middle English" kuma daga nan zuwa wajejen 1500. Alamar tauraro a gaban kalma na nufin ba a same ta a rubuce ba, masana ne suka hasaso ta.

Abin da za ka tarar game da "cheap" shi ne da farko ba sifa ba ce. A tsohon Turanci akwai suna "ceap", mai nufin ciniki, saye da sayarwa, ko kasuwa, kuma yawancin masana suna mayar da shi ga kalmar Latin "caupo", ƙaramin ɗan kasuwa ko mai masauki. Daga baya in an yi ciniki mai kyau sai a ce "good cheap". Sannu a hankali "good" ta faɗi, wajejen 1500 "cheap" ta tsaya ita kaɗai a matsayin sifa. Ma'anonin raini daga baya suka biyo.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, ta ɓuya a sunayen wurare. Titin Cheapside a Landan ba titin kayan araha ba ne, nan ne babbar kasuwar birnin take a da. Garuruwan Ingila masu farawa da Chipping, irin su Chipping Norton, garuruwan kasuwa ne. A Jamusanci "kaufen" na nufin saya, kuma mutanen Holan har yau "goedkoop" suke ce wa abu mai araha, wato ciniki mai kyau, daidai da tsohon ginin da Turanci ya yanke wa kai. Sunan babban birnin Denmak ma, Kwapanhagan, daga wannan tushe farkonsa ya fito, tashar jiragen ruwa ta 'yan kasuwa yake nufi. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci za su gane ginin nan take, domin "bon marché" shi ne "good cheap" sak.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, kama ba ta zama dangantaka. "Cher" ta Faransanci ta ɗan yi kama da "cheap" a ido, amma tsada take nufi, kuma daga wata kalmar Latin ta fito, "carus". Wanda ya taho Turanci ta hanyar Faransanci ya kiyaye. Na biyu, asali ba ya hukunci a kan ma'anar yau. Ba za ka ce wa mutum "cheap" ka kare kanka da cewa shekaru 1000 da suka wuce ciniki take nufi ba. Amfanin sanin asali shi ne ya manna kalmar a ƙwaƙwalwarka, ya kuma nuna maka dalilin da ya sa ma'anoninta suka rarrabu. Minti biyar ya ishe shi.

7. Koyi yadda ake kwatance da ita

Sifa mai gaɓa ɗaya "er" da "est" take ɗauka: "cheaper", "the cheapest". Ba a ninka "p" ɗin, saboda haruffan wasali biyu ne a gabanta, saɓanin "big" da ke zama "bigger". Inda Hausa ke cewa ya fi araha, Turanci na cewa "cheaper than".

Kurakuran nan sanannu ne. "More cheaper" ninki ne marar amfani, ɗaya ya isa. "Very cheaper" ba ta zama, sai "much cheaper" ko "a lot cheaper", ko da yake "very cheap" daidai ne.

Gargaɗi: "too" ba "very" ba ce. Mun saba cewa "too cheap" muna nufin araha sosai, amma a daidaitaccen Turanci arahar da ta wuce kima take nufi, irin wadda ke sa mai saye ya yi zargin ko kayan sata ne ko jabu. Kada ka sa ta a talla.

8. Nemo madadinta

Yawancin ƙamusoshin masu koyo suna da akwatin kalmomi masu kusancin ma'ana. Duba shi, amma kowace kalma da ka ɗauko ka koma ka bi ta mataki na 4, domin ba biyu da suke daidai ta kowace fuska.

"Inexpensive" ita ce arahar da ba raini a cikinta, ta dace da rubutun ofis. "Affordable" na nufin aljihun talaka zai iya, ita ce 'yar lelen masu talla da gwamnatoci. "Reasonable" kan farashi take hawa, ba tsada ba kuma ba faɗuwa. "Low-cost" an fi jin ta a kan gidaje da jiragen sama, kuma ba baƙuwa ba ce gare mu, tun rukunin gidajen da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983 garuruwa da dama a Arewa suke da unguwa mai wannan suna. "Good value" na nufin abin ya ci kuɗinsa, ko da kuɗin ba kaɗan ba ne.

Gargaɗi: "economical" ba ta nufin araha wajen saye. Mota "economical" ita ce marar shan mai, ko da ta yi tsada a wurin dillali. "Economic" kuma ta shafi tattalin arziki ne, ba ta shiga nan sam.

9. Gina jimlarka, ka gwada ta

Rubuta jimla ɗaya ga kowace ma'ana, da kayan da ke gabanka kullum, ba na ƙamus ba. Sannan ka ɗauki haɗin da kake shakka a kai, ka sa shi tsakanin alamun zance a Google, domin ya nemo maka shi daidai yadda ka rubuta. Yawan sakamakon ba hujja ba ne, kuskure ma yana da yawa a intanet. Su wa suka rubuta za ka duba. In manyan jaridu da ƙamusoshi ne, ka riƙe. In duk tallan 'yan uwanka ne masu irin matsalarka, ka sake lale.

Ga irin tallan da nake yawan gani a wurin masu sayar da atamfa da leshi: "We sell cheap laces at cheap price, too cheap." Mai shi yana son ya ce kayansa masu kyau ne kuma da sauƙi. Abin da ya rubuta kuwa leshi marar inganci, da farashin da aka sa wa sifar da ba tasa ba, da arahar da ke jawo zargi. Har "laces" ɗin ma, da "s", igiyar takalmi ta fi kawo wa Bature a rai, domin yadin leshi "lace" ne ba jam'i. Gyaran gajere ne: "Quality lace at affordable prices." In kuwa kana sayar da katin waya, ko tikitin mota, ko buhun masara, inda ba wanda ke zargin ingancin kayan, "cheap" ba ta da laifi, ka rubuta "cheaper than the market price" kanka tsaye.

In ka gama da wannan, sifofin da suka fi cancanta ka bi da su ta wannan hanya su ne "mean", da "smart", da "funny", da "mad", domin kowaccensu tana da ma'ana fiye da ɗaya. "Mean", da "smart", da "mad" ma sukan bambanta tsakanin Ingila da Amurka, don haka a mataki na 4 ka buɗe Oxford da Merriam-Webster gefe da gefe.